Ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan koyon dira da laima daga jirgi

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya hana ni zama in amsa. Ka ce kana karatu a nan Amurka, abokai sun ja ka kun je kun yi dirar goyo, wadda ake ɗaure mutum a ƙirjin malami ku faɗo tare, yanzu kuma abin ya shiga ranka, kana so ka koya ka riƙa dira kai kaɗai. Tambayoyinka biyu ne: idan laima ta ƙi buɗewa fa, sannan ta ina ake farawa. Na ga wasu 'yan uwa sun riga sun ba ka amsa da "ka rufa wa kanka asiri ka zauna a ƙasa". Ban ga laifinsu ba, ni ma a gida haka aka ce min. Amma na daɗe a wannan harka, ina kuma cikin masu dira da ɗalibai bayan sun gama matakin farko, don haka bari in gaya maka yadda abin yake.

Abin da kake tsoro ba shi ne abin da ya fi kashe mutane ba. Kowa idan ya zo, maganar "laima ta ƙi buɗewa" yake yi. Mu kuwa da muke filin, abin da ke sa gabanmu faɗuwa shi ne mutumin da laimarsa ta buɗe lafiya lau, babu abin da ya same ta, ya zo daf da ƙasa ya yi ganganci. Zan dawo kan wannan, don shi ne gundarin maganar.

Tukuna dai kayan. Jakar da za ka goya laima biyu ce a cikinta. Ta ƙasa ita ce babbar, wadda ake amfani da ita kullum. Ta sama ita ce ta ko-ta-kwana, kuma ba kowa ke taɓa ta ba: a dokar hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, sai mai lasisin wannan aikin ne zai warware ta, ya duba, ya sake naɗe ta, kuma duk kwana 180 sai an yi haka ko da ba a yi amfani da ita ba. Akwai ɗan kati a cikin aljihun jakar da yake rubuta kwanan wata ya sa hannu. Ka koyi ciro katin nan kana dubawa tun ranar farko, babu malamin kirki da zai ji haushi.

A ƙirjinka akwai mariƙi biyu. Na dama shi ke yanke babbar laima ta rabu da kai gaba ɗaya, ta hanyar wasu zobba uku da ke kowace kafaɗa, dabarar da wani Ba'amurke mai suna Bill Booth ya ƙirƙiro a shekarun 1970, har yau kuma ita ake amfani da ita. Na hagu shi ke buɗe ta ko-ta-kwana. Dama, sannan hagu. Idan ka juya tsarin, ka saki ta biyu cikin ta farkon da ta lalace, sai su sarƙe, ka rasa duka. Shi ya sa za su sa ka maimaita wannan motsi a ƙasa, an rataye ka a jikin madauri, har ka gaji ka fara jin haushin malamin. Bari ka ji haushin. Ranar da abin ya faru ba tunani ne zai yi aiki ba, hannu ne.

Bayan wannan akwai wata 'yar na'ura a cikin jakar, wadda aka fi sani ita ce CYPRES, ƙirar Jamus, ta fito a 1991. Ana kunna ta a ƙasa da safe, tana auna tsayi da saurin faɗuwa. Idan ka kai wajen ƙafa 750 daga ƙasa kana faɗuwa da gudun wanda bai buɗe komai ba, ko ka suma ko ka rikice, sai ta datse igiyar da ta rufe ta ko-ta-kwana, laimar ta fito da kanta. Ta ceci rayuka masu yawa. Amma duk wanda na'urar nan ta buɗe masa yana cikin hayyacinsa, to a zaunar da shi a yi magana, don ƙafa 750 daƙiƙa huɗu ce kacal tsakaninka da ƙasa.

Game da alƙaluma, ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka, USPA, ta ce a 2023 an yi dira kusan miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka mutu. Ba na kawo maka wannan don in ce babu haɗari ba. Mutum goma mutum goma ne, kowanne da uwarsa. Kuma karaya da targaɗen idon sawu ba sa cikin wannan lissafi, su kam muna ganinsu.

Ta ina ake farawa? Tsarin da ya fi yawa yanzu shi ne wanda ake kira AFF. Za ka yi kusan wuni guda a aji da filin atisaye, sannan a hau da kai wajen ƙafa 13,000, kusan mita 4,000 ke nan. Laimarka ce a bayanka, ba a ɗaure kake da kowa ba, malamai biyu ne ke riƙe da kai, ɗaya dama ɗaya hagu. Ana buɗe ƙofar nan iska mai sanyi za ta buge ka, ƙarar ta cika maka kunne, yawun bakinka ya ƙafe. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun manta sunansu a bakin ƙofar. Za ku faɗo kusan minti ɗaya da gudun kilomita 200 a awa, babu mai jin maganar wani, da hannu ake yi maka ishara: miƙe ƙafa, bankare, duba agogon tsayi. A wajen ƙafa 5,500 kai za ka buɗe da kanka. Daga nan malaman sun tafi abinsu, sai kai da laimarka da rediyon da aka maƙala maka.

Matakan yawanci bakwai ne, uku na farko da malamai biyu, saura da ɗaya. Maimaita mataki ba abin kunya ba ne, da yawa suna yi, sai dai aljihu ya ji a jikinsa. Bayan nan sai dira kai kaɗai da kuma dira da mai horarwa irina, mu koya maka matsowa kusa da mutum a sama ba tare da ka yi karo da shi ba, da yadda za ka yi nisa da kowa kafin ka buɗe. Za ka koyi naɗe laimarka, ka yi dira daga ƙasa-ƙasa wajen ƙafa 3,500 inda kana fita kake buɗewa, ka ci jarrabawa. Sai ka cika dira 25 za a ba ka lasisin A. Na B sai 50, na C sai 200, na D sai 500. Wani ya kawo maganar sojojin laima da ake horarwa a Jaji. Wannan wani abu ne daban: su laimarsu mai zagaye ce, igiyar da aka maƙala a jirgi ke buɗe ta, daga kusa da ƙasa. Tamu mai kusurwa huɗu ce, fiffike ce sosai, tuƙa ta ake yi.

To a tuƙin nan ne maganar take. Laimar nan idan ka ja igiyar tuƙi ta gefe ɗaya, ba juyawa kawai take yi ba, tsunduma take yi ƙasa, kai kuma ta wulwulo ka gefe. A ƙafa 3,000 wannan wasa ne mai daɗi. A ƙafa 80 karayar cinya ce ko ƙugu, ko abin da ya fi haka. Kuma abin da ke sa mutum yin wannan juyi ba hauka ba ne, tsoro ne. An gaya masa a aji cewa ana sauka ne ana fuskantar iska, ya zo ƙasa ya ga ya ba iska baya, ko ya hango shinge, ko wani ya gitta ta gabansa, sai ya fizgi igiya da ƙarfi.

Akwai wata ɗaliba da na tsaya ina kallo daga ƙasa, ta yi komai daidai a sama. Ta shigo tsarin sauka yadda aka koya mata, ƙafa 1,000 tana bin iska, 600 ta karya, 300 ta miƙe. Sai iska ta sauya a daidai lokacin, tutar da ke nuna iska ta juya. Ina ganin kanta ya waiga wajen tutar, hannunta na dama ya fara sauka. Mai rediyo bai ɗaga murya ba, cewa kawai yake yi, hannu sama, hannu sama, miƙe abinki. Ta mayar da hannun. Ta sauka da gudu iska na tura ta, ta ja birki, wato igiyoyin tuƙi biyu a tare, ta haɗe ƙafafu ta mirgina yadda aka koya mata, ta tashi duk ciyawa a baki tana dariya. Da ta ƙarasa jan igiyar nan, motar asibiti za a kira. Ka riƙe jerin nan: laima a miƙe bisa kanka, wuri mara cikas, jan birki, shirin mirginawa. Fuskantar iska bayan waɗannan take zuwa. Kuma abin da ka zuba wa ido shi za ka nufa, idan bishiya ɗaya ce tal a filin kana kallonta, a kanta za ka sauka. Kalli inda kake so ka je.

Ita kuwa laimar da ta ƙi buɗewa daidai, akwai ƙa'ida. Da zarar ta buɗe ka ɗaga kai ka tambayi kanka: ta baje sosai? Tana tafiya a miƙe? Tana tuƙuwa, tana jan birki? Wani lokaci za ka ga igiyoyin sun murɗe a bayan wuyanka, wannan ya zama ruwan dare ga ɗalibai, ware su ake yi da hannu ana harba ƙafa har su warware, ido na kan agogo. Idan ka kai ƙafa 2,500 ba ka da laimar da za ka iya sauka da ita, an gama shawara, dama sannan hagu. Waɗanda abin ya ci a nan yawanci ba kaya ne suka ci amanarsu ba, tsayawa suka yi suna gyara, suna cewa saura kaɗan, har tsayin ya ƙare. Ƙasa da ƙafa 1,000 kuma ba a yanke babbar laima, don ta biyun ba za ta samu sararin buɗewa ba.

Lokacin da na fi jin tsoron mutum ba lokacin ɗalibta ba ne. Ɗalibi ana duba shi sau uku kafin ya fita daga jirgi, ba a barinsa ya tashi idan iska ta wuce mil 14 a awa, an ba shi ƙatuwar laima mai haƙuri. Sai ya samu lasisi, ya yi dira ɗari ko ɗari biyu, ido ya buɗe. Kamar sabon ɗan acaɓa ne da ya yi wata uku bai faɗi ba, shi ne ke fara sakin hannu. Sai ya ce laimarsa ta yi masa nauyin tafiya, yana son ƙarama mai gudu. Duk ƙanƙantar laima, kuskure ɗaya yana ninka tsadarsa. Sai ya ce zai ɗaura kyamara a hular kwano, alhali shawarar USPA ita ce sai ka kai dira 200, don kyamara na ɗauke hankali, kuma igiya na iya maƙalewa a jikinta. Rigar fiffike ma, wadda ake sawa a yi shawagi kafin a buɗe laima, sai dira 200. Na san hoton kake so ka tura gida, kowa ma haka. Ka biya mai ɗaukar hoto na filin ya ɗauke ka.

Wajen zaɓen wuri, ka nemi filin da ke cikin USPA, ka tambayi takardun malamai kai tsaye. Mai koyar da AFF sai yana da lasisin C da awa shida na faɗuwa a sama idan aka tara, malamin dirar goyo kuma sai dira 500 da shekara uku a harkar. Amma takarda ba ta isa ba. Ka je ran Asabar ka zauna kawai ka yi kallo. Shin ana duba kayan ɗalibai kafin su hau, zobba da madaurin ƙirji da na cinya da mariƙai? Bayan an sauko, malami yana zama da ɗalibi su kalli bidiyo, ko da gudu yake komawa jirgi na gaba? Idan iska ta tashi, suna saukar da sunan ɗalibai daga jerin masu hawa, ko suna duban kuɗin? Filin da ya ce maka yau ba za ka hau ba, bayan ka yi tuƙin awa biyu, wannan shi ne filin da za ka koma.

Kada ka fara sai kuɗin sun taru. Zuwa lasisin A 'yan dubban daloli ne, kuma wanda ke dira ɗaya yau, ɗaya bayan wata biyu, kullum sabon shiga ne, tsoron ma sabo yake dawowa. Ɗalibin da ya wuce kwana 30 bai yi dira ba sai an sake yi masa bita. Idan jihar da kake ana dusar ƙanƙara, filaye da yawa rufewa suke yi da hunturu, gara ka bari sai bazara, ko ka tara hutunka ka tafi inda ake yi duk shekara, irin Eloy a Arizona, Perris a Kalifoniya ko DeLand a Filorida. Idan akwai ɗakin iska kusa da kai, wanda fanka ke ɗaga mutum sama, minti goma a ciki zai rage maka maimaita matakai, sai dai ba ya koyar da komai game da laima.

Sauran ƙananan abubuwa: sai ka cika shekara 18. Idan kafaɗarka ta taɓa gocewa ka faɗa musu, don da hannun nan za ka buɗe. Kada ka hau da mura, kunnenka zai gaya maka. Da azumi ni ba na ba ɗalibi shawarar ya yi, rana da ƙishirwa da hawa sama suna rage kaifin hankali, wata ɗaya ne, ka jira. Ka duba inshorar lafiyarka ta makaranta ko ta haɗa da irin wannan wasa, don karaya a Amurka ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma takardar da za ka sa wa hannu a filin ta sauke musu nauyi ne. Su Hajiya kuma ka gaya musu da bakinka kafin su gani a Facebook.

Idan ka faɗi jihar da kake, zan duba maka filayen da ke kusa da watannin da suke aiki.