Me ya sa kowa ya sa lamba 42 a filin besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne, amma a watan Afrilu na ci karo da wasan besbol na Amurka a talabijin, sai na ga 'yan wasan ɓangarorin biyu duka, har da masu horarwa, kowa da lamba 42 a bayan rigarsa. Me ya kawo haka? Sannan ina so a ɗan tsakuro mini manyan abubuwan da suka faru a tarihin wasan, don wani abokina ya kafe a kan cewa ba a taɓa yin kamar Babe Ruth ba. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Wasan da ka gani na ranar 15 ga Afrilu ne, kuma lambar ta Jackie Robinson ce. A irin wannan rana a 1947 ya fito wa ƙungiyar Brooklyn Dodgers a filin Ebbets, ya zama baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar Amurka bayan shekaru kusan sittin da aka yi ana hana su. Ba wata rubutacciyar doka ce ta hana su ba. Masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki suka rufe ƙofa, alhali tun a 1884 wani baƙar fata, Moses Fleetwood Walker, ya buga wa ƙungiyar Toledo.

Shugaban Dodgers, Branch Rickey, bai ɗauko Robinson don ya fi kowa iya wasa a cikin baƙaƙe ba. Mutumin da zai iya haɗiye wulaƙanci yake nema, kuma sai da ya sa shi ya yi alkawarin ba zai rama ba, ko da baki ko da hannu. Abin da ya sa alkawarin ya yi nauyi shi ne Robinson ba mai sanyin hali ba ne: yana hafsan soja a 1944 aka gurfanar da shi gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar bas, kotun kuma ta wanke shi. To wannan mutumin ne ya yi shiru yayin da kocin Philadelphia, Ben Chapman, da yaransa suke ta ɗura masa ashar daga benci, masu jifa suna auna jikinsa da ƙwallo, wasu otal-otal suna hana shi kwana inda abokan wasansa suka sauka. Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon sababbin 'yan wasa na shekarar, a 1949 kuma gwarzon National League, ɗaya daga manyan gasanni biyu na ƙasar, baki ɗaya. Ka lura da lokacin: sai a 1948 aka ba da umarnin daina wariya a rundunar sojan Amurka, sai a 1954 Kotun Ƙoli ta haramta ta a makarantun gwamnati. Filin wasa ya riga su. Amma ba kowace ƙungiya ce ta bi sahu da wuri ba, don Boston Red Sox sai a 1959 ta saka baƙar fata na farko.

A 1997 aka jingine lamba 42 a duk ƙungiyoyi, ba a ƙara ba wani sabon ɗan wasa ita. Waɗanda ke sanye da ita a lokacin aka bar su har su yi ritaya, na ƙarshensu shi ne Mariano Rivera na New York Yankees a 2013. Tun 2009 kuma kowa ke sa ta a wannan rana guda.

Kafin mu je kan abokinka, ga yadda ake cin maki, tunda daga ƙwallon ƙafa ka fito. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya maka mata sanda ya ruga, yana bin tashoshi huɗu har ya dawo inda ya taso, maki ɗaya ke nan. In ya buga ta ta tsallake katangar fili, babu mai iya tare shi, ya zagaya abinsa cikin kwanciyar hankali. Wannan shi ne hom-ron, kuma yawancin rigingimun tarihin wasan a kansa suke.

Farkon tarihin ba sai an daɗe a kai ba. Cincinnati Red Stockings ce ta fara biyan duk 'yan wasanta albashi a fili, a 1869. An kafa National League a 1876, American League ta zama babbar gasa a 1901, zakarun biyun suka fara karawa a World Series a 1903, Boston ta doke Pittsburgh. Sai abin kunyar 1919, lokacin da aka zargi 'yan wasan Chicago White Sox takwas da karɓar kuɗin 'yan caca don su zubar da wasan ƙarshe. Kotu ta sallame su a 1921, amma sabon kwamishinan wasan, alƙali Kenesaw Mountain Landis, ya kore su har abada washegari.

Ana cikin wannan ruɗani Babe Ruth ya ɓullo, kuma a nan abokinka yana da hujja. Da farko mai jifa ne a Boston, ƙwararre ma kuwa, kafin a sayar da shi ga Yankees a ƙarshen 1919. A 1920 ya buga hom-ron 54, shi kaɗai ya fi abin da kowace sauran ƙungiya a American League ta tara gaba ɗayanta. Ya yi 60 a 1927, ya gama da 714. Kafinsa wasan na dabara ne, a ɗan taɓa ƙwallo a saci tasha, wato a ruga tasha ta gaba ba tare da an jira bugu ba. Shi ya mai da shi na ƙarfin dantse, jama'a suka dawo fili. Boston kuwa da ta sayar da shi, daga kofin 1918 ba ta sake ɗagawa ba sai 2004, shekara 86.

Sai dai ga inda nake rabuwa da abokinka. Ruth bai taɓa fuskantar baƙar fata ko ɗaya a wasan gasa ba. A zamaninsa suna can a tasu gasar, wadda Rube Foster ya kafa a Kansas City a 1920, kuma a gasannin baƙaƙen akwai irin su Josh Gibson da Satchel Paige. Paige sai da ya kai shekara 42 kafin ƙofa ta buɗe masa a Cleveland a 1948, kuma a hakan ma masu bugu suka sha wuya a hannunsa. Kamar a ce an naɗa maka sarkin kokawa ne a dandalin da aka hana rabin 'yan kokawar garin shiga. Ba laifin Ruth ba ne, amma dole a sa wannan a ma'auni. Ita kanta hukumar wasan ta amsa haka a makare: a 2020 ta amince cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a 2024 ta haɗe alƙalumansu da na sauran. Nan take Gibson, da ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin fitowar Robinson, ya hau kan Ty Cobb a matsayin wanda ya fi kowa yawan dacewa da bugu a tarihi.

In ni za a tambaya, Hank Aaron zan nuna. Shi ma daga gasar baƙaƙe ya fara. Ya ƙare kakar 1973 da hom-ron 713, saura ɗaya ya kamo Ruth, sai ya kwashe watannin hutu yana karɓar wasiƙu tuli, da yawa na fatan alheri, wasu kuwa na barazanar kisa, har aka haɗa shi da mai gadi. Ranar 8 ga Afrilun 1974 a Atlanta ya buga na 715. Yana cikin zagaye tashoshi sai ga wasu samari farare biyu sun tsallako fili suna gudu a gefensa. Taya murna suka zo, amma a wannan daƙiƙar babu wanda ya san haka. Da ya iso tashar ƙarshe mahaifiyarsa ta ƙanƙame shi ta ƙi saki. Ya yi ritaya da 755.

Barry Bonds ya wuce shi a 2007, ya tsaya a 762, kuma shi ke riƙe da tarihin kaka guda da 73 a 2001. Amma zamanin ƙwayoyin ƙara kuzari ne, zargi ya dabaibaye shi, har yau ba a shigar da shi zauren karrama gwaraza na Cooperstown ba. Shi ya sa da Aaron Judge ya buga 62 a 2022, ya wuce 61 na Roger Maris na 1961, wanda shi ne tarihi kafin zamanin ƙwayoyin, wasu suka ce wannan ne sahihin tarihi. Littafin hukuma dai Bonds ya rubuta.

Akwai kuma bajintar da babu tabo a kanta, wadda ban ga mai karya ta nan kusa ba: Joe DiMaggio ya yi wasa 56 a jere a 1941 ba tare da ya rasa bugu mai kyau ba, Cal Ripken kuma ya buga wasa 2,632 a jere bai yi fashi ba.

Mutum ɗaya da ake yawan mantawa shi ne Curt Flood. A da, ɗan wasa mallakin ƙungiyarsa ne har sai ta gaji da shi. A 1969 St. Louis ta miƙa Flood ga Philadelphia, ya ce ba ya zuwa, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, wasansa ma ya mutu a nan. Amma a 1975 wani mai sasanta rikicin ƙwadago, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya ba 'yan wasa damar zaɓar inda za su bayan kwantiraginsu ya ƙare. Daga nan albashi ya yi tashin gwauron zabi, har aka kai ga Dodgers ta ba ɗan Japan Shohei Ohtani dala miliyan 700 na shekara goma a ƙarshen 2023. A kakarsa ta farko a can ya buga hom-ron 54 ya saci tasha 59, abin da ba a taɓa haɗawa ba. Kuma shi ɗan wasa ne mai jifa mai bugu, duka a matakin ƙoli, aikin da Ruth ya haɗa na ɗan lokaci kawai a Boston kafin ya ajiye jifa.