Tambaya da Amsa: Korona ta tafi, yaushe yarda za ta dawo?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru min wannan makon kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato ɓarnar da annobar korona ta bari tsakanin mutane bayan ta tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, ranar 5 ga Mayu 2023 kuma ta ce matakin gaggawa ya ƙare, toh amma ita wannan sanarwar ta shafi ciwon jiki ne kawai, wanda aka ɓata masa rai a lokacin har yau yana nan da abinsa a ciki. Na zaɓi saƙo uku, na ɗan rage musu tsawo.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina da ƙaramin kamfani na haɗa kujeru da gadaje, mutum tara ne ke aiki a ƙarƙashina kafin korona. Da aka yi kulle komai ya tsaya, na sallami shida ba tare da na biya su watan ƙarshe ba, kuma akwai kastomomi da suka ba da kafin alƙalami na cinye kuɗin wajen haya da hidimar gida, kunya ta sa na daina ɗaga waya. Yanzu Alhamdulillah aiki ya fara dawowa amma suna na ya lalace, wanda nake ɗaukar katako a wajensa ma ya daina bani bashi. Dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Ɗan'uwa sannu, kuma na yaba da ka faɗi laifinka da bakinka baka ɗora wa kowa ba. Karayar da ka yi kam ba kai kaɗai ba ne, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2020 an yi asarar kashi 8.8 cikin ɗari na awannin aiki a duniya, daidai da aikin mutum miliyan 255 masu cikakken aiki, kaga kenan manyan kamfanoni ma sun durƙusa balle ƙanana. Su ma mutanen da suke binka sun san da haka, a cikin annobar suke su ma. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne wayar nan da ka daina ɗagawa. Mutum zai iya haƙuri da wanda ya ce masa bani da shi, amma wanda ya kira sau goma ba a ɗaga ba gani yake an raina shi, kuma raini ya fi asarar kuɗi daɗewa a zuciya.

Dan haka ka samu takarda ka rubuta duk wanda yake binka, ma'aikata shidan nan su ne a sama saboda guminsu ne, kuma su ba su da wani jari da za su jingina da shi lokacin da ka sallame su. Ka je da ƙafarka, kar ka tura saƙon waya, kar kuma ka aiki yaro. In ka je kai za ka fara faɗin adadin kuɗin kafin shi ya faɗa, wannan ɗan abin yana da nauyi sosai wallahi, dan yana nuna masa cewa duk shekarun nan baka manta ba. Maganar korona kuma ka taƙaita ta, jimla ɗaya ta isa, in ka tsaya kana zayyano wahalar da ka sha zai ji kamar so kake ya tausaya maka ya yafe kuɗin.

Sai alƙawari. Nan ne mutane da yawa suke sake faɗawa rami, saboda kunya tana sa mutum ya ce ƙarshen wata zan biya duka alhali ya san ba zai iya ba. Ka faɗi abin da ya gaza ƙarfinka, in kana ganin zaka iya goma ka ce biyar, ka sa rana, ranar ta yi ka kai ko da ruwan sama ake. Biya uku ko huɗu a kan lokaci sun fi duk wani ban haƙuri aiki. Mai katakon ma haka, kar ka roƙe shi bashi yanzu, ka riƙa saye kaɗan kaɗan kuɗi hannu kana rage tsohon, wata rana da kansa zai ce ɗauki ka kawo daga baya.

Kuma daga yau kuɗin da kastoma ya bayar na aiki a ware shi daban, ba a taɓa shi sai dan aikinsa. In zaka ɗauki sababbin ma'aikata ka fara kiran tsofaffin, ko sun samu wani wurin za su ji daɗin an tuna da su. Wasu ba za su dawo ba ko ka biya su tas, wannan haƙƙinsu ne, kar ka yi fushi.

TAMBAYA: Anti ni maganar gida ce. Babanmu ya rasu a 2020 a ɓangaren da ake killace masu korona, ni kaɗai ce na yi ta zirga-zirga, ko ganinsa ba a barina in yi sai ta taga. Yayanmu yana aiki nesa, ya ce an rufe hanya ba zai iya zuwa ba, toh na yarda, amma ko da aka buɗe sai da ya yi wata huɗu kafin ya zo, da ya zo kuma ko sannu da ƙoƙari bai ce min ba. Tun lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu, Mama tana kuka kullum a kan haka. Ina so in yafe amma da na ganshi sai in tuna tagar nan.

AMSA: Ƙanwata Allah ya jiƙan Baba, ya saka miki da alheri. Na daɗe riƙe da saƙonki kafin in iya rubuta komai, maganar tagar nan ta taɓa ni ba kaɗan ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 mutum kusan miliyan 14.9 ne suka rasu sama da yadda aka saba, ta dalilin annobar kai tsaye ko ta wata hanyar, kuma da yawansu haka suka tafi babu mai riƙe musu hannu. Rashin da ba a yi sallama ba daban yake, mutum baya samun inda zai sauke abin, sai baƙin cikin ya riƙa neman wanda zai faɗa wa, kuma yawanci na kusa yake samu. Ban ce yayanki bai yi laifi ba fa, ya yi, wata huɗu ba kwana huɗu ba ne, kuma kin cancanci ya zauna ya ce miki sannu. Abin da nake so ki duba shi ne kin yanke hukunci a kan dalilinsa alhali baki taɓa tambayarsa ba.

Ki tuna yadda 2020 take. Babu rigakafi sai a Disamba aka fara yi a wasu ƙasashe ƙalilan, kullum adadin mamata ake karantowa, mutum yana tsoron ya je gida ya kai wa tsohuwarsa cutar. Akwai kuma wata irin kunya da take kama wanda bai halarci rasuwar mahaifinsa ba, kullum yana cewa gobe zan je, kowace rana da ta wuce tana ƙara masa nauyin zuwan, har in ya zo ya kasa haɗa ido da wadda ta tsaya. Sau da yawa shirun da kike gani kamar rashin damuwa, a wajensa rashin sanin ta inda zai fara ne. Ban san yayanki ba, zai yiwu ba haka abin yake ba, shi yasa nake cewa ki tambaya.

Ki same shi ku biyu, banda gurup ɗin WhatsApp na dangi, banda gaban matarsa, banda gaban Mama. Kar ki fara da me yasa baka zo ba, zai tashi kare kansa ne a rasa komai. Ki ce masa Yaya ina so in baka labarin kwanakin Baba na ƙarshe, ban taɓa ba kowa ba. Ki faɗa masa tagar, ki faɗa masa yadda kike komawa gida ke kaɗai da dare. Wannan labarin nasa ne shi ma, mahaifinsa ne, kuma ina kyautata zaton tsoron ji ne ya hana shi tambaya. Daga nan ki faɗa masa a fili abin da kike so, cewa kina so ya san kin wahala. In ya yi kuka ki barshi, in ya yi shiru kar ki ɗauka ya ƙi, wasu mazan sai bayan kwana biyu maganar take sauka.

Bayan haka ki bashi wani abu na hidimar Mama ya riƙe, maganinta ko kai ta ganin likita, abin da za a iya gani in ya yi. Ta nan zaki gane ko ya canza, shi ma ta nan zai samu hanyar biyan abin da ya wuce shi. Ke kuma in tunanin tagar yana hana ki barci ko yana sa ki kuka ba dalili ki ga likita dan Allah, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar, ba ke kaɗai ba ce kuma ana samun sauƙi.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, ina cikin kwamitin da ya raba tallafi a unguwarmu lokacin kulle. An zarge mu da son kai, kuma gaskiya an yi kurakurai. Yanzu ko maganar rigakafin yara muka kawo iyaye ba sa saurarenmu. Ya za mu yi?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Abin da kuke gani ya faru a wurare da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2021 yara miliyan 25 ne ba su samu cikakken rigakafinsu na farko ba, koma baya mafi girma cikin kusan shekara 30. Kuma ƙyanda bata jira, sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari na yara rigakafinta kafin a tare yaɗuwarta, dan haka maganar nan da gaggawa.

Amma Baba iyayen nan ba allurar suke tuhuma ba tukuna, bakin da ya kawo maganar suke tuhuma. Ku kira taro ku buɗe littafin rabon, abin da ya shigo da wanda ya samu, inda aka yi kuskure ku ce an yi, in akwai wanda ya fifita danginsa ya sauka daga kwamitin. Masu sukar nan da suka fi kowa ɗaga murya ku jawo biyu ko uku ciki, musamman mata, su ne ke kai yara asibiti.

Akwai darasi a Ebola da ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016. Da farko ma'aikata suna zuwa cikin fararen kaya su ɗauke gawa, mutane suka fara ɓoye marasa lafiya, har ana kai wa ma'aikatan hari. Da aka shigo da limamai da fastoci da dangin mamaci, aka bar su su ga nasu su yi masa addu'a daga ɗan nesa, sai ƙofofi suka fara buɗewa, cutar bata canza ba, yadda ake mu'amala da mutane ne ya canza.

In uwa ta ce ai ku ne kuka ce kar a sa takunkumin fuska daga baya kuka ce a sa, kar a ce mata jahila, gaskiya ta faɗa, sai a Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci jama'a su riƙa sawa a wuraren cunkoso. A ce mata eh an canza, saboda cutar sabuwa ce ana koyonta ne a lokacin, shi kuwa rigakafin ƙyanda tun 1963 ake amfani da shi. Ku samo ma'aikaciyar lafiya wadda matan suka sani ta zauna da su ta amsa tambayoyi ba tare da ta zo da allura ba a zaman farko, ranar rigakafin kuma ku 'yan kwamiti ku fara kawo jikokinku a yi musu a gaban kowa.