Ƙoƙon kai da jirgin ruwa a tsofaffin katunan Turawa

Tambaya: Malam, na ga ana gwanjon wasu tsofaffin ƙananan katuna a intanet, masu zanen 'yan fashin teku da jirage masu tafiya da iska. Me alamomin nan suke nufi, kuma me ya sa mutane ke zuba kuɗi a kan hoton ɓarayi?

Amsa: Da yawa daga cikinsu a kwalin sigari aka same su. A 1888 kamfanin Allen & Ginter na Amurka ya buga katuna 50 na 'yan fashin teku. Ɗaya ake sakawa a kwali, ya hana sigarin karyewa, mai saye kuma ya yi ta dawowa har ya haɗa su duka.

Tutar 'yan fashin mai ƙoƙon kai dai ba ƙage ba ce. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa tsohuwar alamar mutuwa ce da Turawa ke sassaƙawa a duwatsun kaburbura. Wasu 'yan fashin sukan ƙara agogon yashi, wato lokacinka ya kusa ƙarewa. Baƙar tuta na cewa ku miƙa wuya ku tsira da ranku. In kuwa aka ɗaga ja, to babu sauran afuwa.

Ragowar kwalliyar yawanci aikin marubuta ne da masu zane. Taswirar dukiyar da aka binne da aku a kafaɗa, littafin Treasure Island na 1883 ne ya yaɗa su. Ɗaurin kallabi da ɗan kunne da jar ɗamara kuwa, zanen Howard Pyle, wani mai zane ɗan Amurka, ne ya kafa su a idon jama'a. A ganina abin da ake saye ke nan: mafarkin leburan birni da ya gaji da ƙararrawar masana'anta, ya ga wani wanda ba shi da ubangida.

Jirgi da iska ta cika ƙyallayensa alama ce ta tafiya neman arziki. Da shi ake tallar zuwa San Francisco daga New York a shekarun 1850, lokacin rububin zinare.

Sai dai akwai abin da fentin ya rufe, kuma ya shafi gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Jirgin shahararren ɗan fashin teku Blackbeard da ake ta zanawa, Queen Anne's Revenge, asalinsa jirgin safarar bayi ne na Faransawa mai suna La Concorde, a 1717 ya ƙwace shi. Yaran wani shugaban 'yan fashin teku Bartholomew Roberts kuma a Cape Coast, cikin Ghana ta yau, aka yi musu shari'a a 1722, aka rataye 52.