Ci-rani, Hijira ko Ƙaura? Tambaya Daga Sudan

Wani mai karatu ya aiko mana daga Sudan: "Malam, kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi, daga baya zuriyarsu ta bazu cikin gonakin auduga na Jazira neman abin kai wa baka. Me Bahaushe ke kiran wannan tafiya? Kuma da gaske ne kowa ya bar gida, gida ya bar shi?"

Ɗan'uwa, tafiya biyu ka haɗa, kowace da sunanta. Ta farko hijira ce, kuma haka masu tafiyar suka kira ta. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Hijira barin wuri ce don tsira da addini ko rai, kamar tashin Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804.

Ta biyu, wato komawa Jazira bayan an buɗe aikin noman auduga a 1925, ƙaura ce. Ci-rani bai dace da ita ba. Ɗan ci-rani yakan fita bayan girbi, daga shi sai ɗan buhunsa, ya bar iyali a gida, da hadari ya fara haɗuwa kuma ya juyo don shuka. Amma wanda ya ɗaure turmi da tukwane, ya sa mata da yara a gaba, wannan ya yi ƙaura, ko da yana cewa baɗi zai dawo. Yanzu nakan ji ana kiran wanda ya shekara goma a Legas ɗan ci-rani. An dai ja kalmar fiye da tsawonta.

Karin maganar kuwa, mutane na ɗaukar ta kamar baki aka yi wa matafiyi. Ba haka ba ne, gargaɗi ne. Ma'anarta, gida ba ya jiran kowa: ana raba gado, ana ɗaura aure, ana naɗa mai unguwa, ko kana nan ko ba ka nan. A ganina, wanda ya "bar gida" a nan shi ne wanda ya yanke aike da gaisuwa, aka yi rasuwa ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ya sa dattawa kan biyo ta da "zumunta a ƙafa take".

Su kuwa kakanninku ko sunan gida ba su yar ba. Wurno gari ne a arewa maso gabashin Sakkwato, can hubbaren Sarkin Musulmi Bello ɗan Shehu Usmanu yake. Da ka ce kai ɗan Mai Wurno ne, Basakkwace zai fara tambayar ka gidan su wa kuka fito.