Filin Tambaya da Amsa: Sifanar da Ta Buɗe Baki Kafin Ta Biya Kuɗinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne a Kaduna, kuma shekara biyu ke nan da ubangidana ya yaye ni na buɗe garejin kaina. Da ɗan abin da na tara na sayi babban akwatin kayan aiki mai ɗauke da kaya fiye da 100, kowanne yana ƙyalli, an kuma rubuta sunan ƙasar Jamus a jikinsa. Ba a yi wata uku ba sifana mai lamba 12 da mai lamba 14 (wato na notuna masu faɗin milimita 12 da 14) suka buɗe baki, sannan soket mai lamba 17 ya tsage a lokacin da na sa masa bututu ina kwance notin tayar wata Golf, hannuna ya daki ƙarfe har na kwana huɗu ban taɓa aiki ba. Na koma wurin mai shagon, ya ce kayan da suka sha baƙin mai ba sa komawa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ubangidana yana da sifanun da suka girme ni, kuma har gobe da su yake aiki. Shin ƙarfen zamani ne ya lalace, ko kuwa ni ne ban iya saye ba? Kuma tsakanin sabo da na gwanjo, wanne ya fi?

Daga wani bakanike a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi a hannun, ya kuma mayar maka da alheri. Ƙarfen zamani bai lalace ba, ɗan'uwa, domin tsofaffin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni suna nan suna ƙira. Stahlwille na garin Wuppertal a Jamus yana aiki tun 1862, Hazet na garin Remscheid tun 1868, Gedore na wannan garin dai tun 1919, ga Facom na Faransa da aka kafa a 1918 da Snap-on na Amurka da aka kafa a 1920. Abin da ya sauya shi ne kasuwa ta cika da kayan da suka ari kamannin na kirki, kuma buga sunan ƙasa a jikin sifana ba ya cin komai wa mai yin jabu. Farashin ma ya isa ya ba ka labari tun a shago, domin kuɗin da zai sayi akwatin kaya 100 irin naka, sifanu 'yan ƙalilan kawai zai saya daga cikin na waɗancan kamfanoni. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma ka sani tsada ma ba shaida ba ce, tunda mai jabu ya iya tsuga kuɗi don a ɗauka kayansa na asali ne.

Rubutun Cr-V da ake gani a jikin yawancin sifanu yana nufin an gauraya ƙarfen da ɗan sinadarin kuromiyam da banadiyam domin ya ƙara ƙarfi da juriya. Ko da rubutun gaskiya ne, ba shi ne ke yanke hukunci ba. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda maƙeri ke gasa ruwan wuƙa har ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa ko mai, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. A masana'anta ma wannan matakin ne ke raba sifana da sifana. Idan ba a ba ta taurin da ya isa ba, bakinta zai riƙa buɗewa a hankali kamar yadda taka ta yi, ta fara sulɓewa tana cinye kafaɗun noti. Idan kuma aka wuce gona da iri, sai ta tsage farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Ido ba ya ganin wannan aiki, kuma fentin ƙyallin da ya ja hankalinka shafi ne na sama don hana tsatsa, bai ƙara wa ƙarfen komai ba.

Abin da ido da hannu za su iya gani shi ne daidaiton awo. Duk ranar da za ka je saye, ka zuba sababbin notuna masu lamba 10 da 12 da 14 a aljihu, ka ɗora sifanar a kan kowanne a gaban mai shagon. Ta kirki za ta shiga ta zauna daram, da ƙyar ka ji motsi. Ta banza kuwa za ka ji tana rawa tun tana sabuwa, kuma wadda ta yi rawa a shago ba za ta gyaru a gareji ba. Ka leƙa cikin zoben sifanar, wato rufaffen gefenta, ka ga ko kusurwoyin sun fita sosai kuma ramin yana tsakiya, domin sau da yawa za ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ka shafa gefenta da yatsa ko za ka ji kaushi ko fenti mai ɓarewa. Mai shagon da ya hana ka wannan ɗan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Sai dai ba zan ɗora wa mai shago laifin duka ba, domin bututun nan da ka ambata yana da nasa kason. Tsawon hannun kowane kayan aiki an auna shi ne da ƙarfin da bakinsa zai iya ɗauka, kuma wanda ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya ya hau kansa da ƙafa ya ninka wannan ƙarfin sau da yawa. Notin taya na Toyota Corolla, alal misali, ƙa'idar ɗaurinsa Nm 103 ce kawai (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), amma a garejinmu ana ɗaure shi har sai mutum ya yi nishi, gobe kuma wani ya sha wahalar kwancewa. Notin da ya ƙi motsi, soket mai kusurwa shida ake sa masa, ba mai kusurwa goma sha biyu ba, saboda mai shida ya fi kama jikin notin, kuma a haɗa shi da doguwar sandar kwancewa maimakon racet, wato hannun soket ɗin nan mai haƙora a ciki. Buɗaɗɗen bakin sifana kuwa gefe biyu kawai yake kamawa, don haka da zoben ake fara karya ɗauri. Idan ka samu bindigar iska ta kwance noti nan gaba, kada ka kuskura ka sa mata soket mai ƙyalli. Nata baƙaƙe ne masu kauri, galibi da rubutun Cr-Mo (gaurayen kuromiyam da molibdenam), waɗanda aka yi domin su jure duka.

Shawarata ita ce ka daina sayen akwati, ka koma sayen ɗai-ɗai. Motocin Japan da suka fi shigowa garejinka lambobi 8, 10, 12, 14, 17 da 19 suke ci, sai 21 na notin tayar Toyota. Motocin Turai kuma su ne ke neman 13 da 16 da 18, da kawuna masu siffar tauraro. A kan waɗannan lambobin za ka kashe kuɗi, sauran da ba ka taɓawa sai sau ɗaya a shekara ko masu araha sun wadatar. Tsakanin na Jamus da na jabu akwai matsakaita masu kyau, irin King Tony da Toptul na Taiwan, da KTC da Koken na Japan. Kayan Sin ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, domin masana'antunsu suna ƙira ne daidai da kuɗin da ɗan kasuwa ya biya.

Game da gwanjo, tsohuwar sifana ta asali da ba ta ji rauni ba ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, kuma kai da ke Kaduna ga Panteka kusa da kai, kamar yadda mutanen Kano ke da Ƙofar Ruwa. Ka guji wadda aka yi wa walda, ko ta lanƙwashe, ko aka goge bakinta da injin wasa ƙarfe. Ka kuma kula da lambar, domin kayan da suka fito daga Amurka da yawa awon inci ne: rabin inci milimita 12.7 ne, ya yi wa noti mai lamba 12 yawa, kuma da ƙyar zai shiga mai lamba 13, in ma ya shiga.

TAMBAYA: Malam, ni gyaran babur nake yi a Zariya. Na sauya sukudireba mai kan gicciye har sau uku, amma kullum sai ta zame ta cinye kan sukurorin kabireta da na murfin inji. Duk jabu nake saye ke nan?

Daga wani mai gyaran babur a Zariya

AMSA: Mai yiwuwa babu jabu ko ɗaya a cikinsu. Sukurori masu kan gicciye ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido yana ganinsu ɗaya. Yawancin sukudirebobin kasuwa ƙirar Phillips ce, alhali baburan Japan irin su Honda da Yamaha da Suzuki, musamman tsofaffi, suna zuwa da sukurori na ma'aunin Japan da ake kira JIS, waɗanda yankan raminsu ya ɗan bambanta, shi ya sa bakin Phillips ba ya zama sosai, yana hawowa sama da zarar ka matsa. Ka duba kan sukuron da kyau, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo guda a gefen gicciyen, wannan ita ce alamar. Ka nemi sukudirebar da aka yi domin su, irin ta kamfanin Vessel na Japan, mai lamba 2 da mai lamba 3. Wanda kuma tsatsa ta riga ta kama, ka share ramin da tsinke, ka ɗiga masa ɗan mai ya kwana, sannan ka sa masa sukudirebar nan da ake bugawa da guduma, wadda ke danna sukuron tana juya shi a bugu ɗaya.