Tambayi Goggo: Buhu Takwas Ne, Gidaje Sun Fi Ɗari, Ta Ina Za Mu Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Goggo. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a unguwar Bolari da ke Gombe. Tun bayan wuyar da muka sha lokacin korona muka buɗe asusu, kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, don idan wata annoba ta sake faɗowa mu agaza wa marasa ƙarfi. Yanzu kuɗin zai sayi hatsi kamar buhu takwas. Rigimarmu ita ce: wasu sun ce a kafa rumfa, a gayyato manya, a raba a bainar jama'a don kowa ya shaida ba mu ci ba. Wasu sun ce a danƙa wa mai unguwa kawai. Na ji an ce kun yi irin wannan aiki a Bauchi. Yaya kuka yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kun yi dabara da kuka fara tun ana zaune lafiya. Amma rumfar nan, ku bar ta a gidan mai haya. Mun kafa ta kafin ku, kuma har yau idan na tuna sai na ji kunya.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, can Legas. Mu a Bauchi muna ganin abin na nesa ne, har sai da aka ce Gwamna Bala Mohammed da kansa ya kamu, kafin watan Maris ya ƙare. Daga nan komai ya zo a jere. Aka rufe makarantu, aka tsare iyakokin jiha, aka hana acaba, aka taƙaita taro. Azumi kuma ya kama ranar 24 ga Afrilu. Cikin Mayu, bayan maganar yawan mace-mace a Azare, aka kulle Katagum da Giade da Zaki na kwana 10.

Ni na yi shekara 35 ina aikin jinya kafin in yi ritaya, don haka da farko hankalina yana kan cutar. Sai na lura abin da ke shigowa gidana ba tari ba ne, yunwa ce. Makaranta da aka rufe, ba yara kaɗai aka kora gida ba. An kori mai awara da mai ɗanwake da mai alala da ke zama bakin ƙofa lokacin tara. Biki da aka hana, ya tafi da abincin mai kitso, da mai lalle, da mai hayar kujeru, da matan da ake ɗauka aikin girki. Ɗan acaba kuwa, wanda sai ya fita da safe ake ɗora tukunya da yamma, ya jingine babur a zaure. Duk mutanen nan hannu baka hannu ƙwarya suke rayuwa, kuma babu ko ɗayansu da ya saba roƙo.

Muka kafa ɗan kwamiti a unguwa: liman, mai unguwa, wani malamin firamare, da mu mata uku. Masu hali suka kawo gero da masara. Sai muka yi irin shawarar da abokanka ke so. Aka yi shela da lasifika cewa gobe da hantsi za a yi rabo a fili. Kafin rana ta ɗaga, mutane sun zo har daga unguwannin da ban taɓa takawa ba. Mu da muke wa'azin a ba da tazara, mu ne muka cusa jama'a wuri guda kamar kasuwar Muda Lawal ranar jajibirin sallah. Majiya ƙarfi suka karɓa sau biyu, wani ya canja riga ya dawo. Wata tsohuwa da na sani tun ina amarya aka ture ta, ta koma gida da takalmi wari ɗaya, hannu rabbana. Da hatsin ya ƙare aka fara zagin liman. Da dare na zauna na lissafa gidajen da na tabbata ba su da na buɗa-baki, na ga yawancinsu ko leƙowa ba su yi ba. Magidancin da jiya yake ciyar da mutum tara da guminsa ba zai tsaya a layi da buhu a hammata yaran unguwa suna kallonsa ba. Gara ya kwana da yunwa.

Wadda ta buɗe mini ido dillaliya ce. Ta shigo gidana da ƙullin kaya, na ga wasu kwanonin jere guda shida masu zanen fure, na gane su, don da ni aka je jeren yarinyar shekara biyu da suka wuce. Na ce, “Hajiya, wannan ba na amaryar gidan mai faci ba ne?” Ta ce, “Goggo, rufa mini asiri. Wannan makon kaɗai gida huɗu suka ba ni kayan ɗaki.” Nan na gane mun tambayi waɗanda ba su sani ba. Mai unguwa mutumin kirki ne, amma iyakarsa zaure. Abin da ke faruwa bayan labule, sai wadda ke shiga har tsakar gida.

Saboda haka muka bi mutum huɗu a asirce. Dillaliya ta san wadda ta fara sayar da zannuwan aurenta. Mai injin niƙa ya san gidan da kullum ake aiko yaro da tiya ɗaya, yau kwana biyar bai gan shi ba. Mai ga-ruwa ya san inda aka koma sayen jarka ɗaya maimakon huɗu. Mai shago kuwa yana da littafin bashi, wanda ya fi kowace takardar da kwamiti zai rubuta faɗin gaskiya. Idan biyu daga cikinsu suka ambaci gida ɗaya, sai ɗayarmu ta shiga da sunan gaisuwa. Ungozoma ma ta taimaka ƙwarai wajen masu jego.

Akwai maƙwabciyata da ta zo aron rariya sau uku a mako guda, kullum dab da la'asar, lokacin da nake kwaɓa ƙullun ƙosai. Sai ta zauna bakin murhu ana hira, ɗanta na goye yana bin hannuna da ido. A karo na uku na raka ta da rariyar har ɗakinta. Murhu a share tas, ko toka babu. Ba ta da abin tankaɗewa. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Bayan sallar isha'i na aika jikata da ƙwarya a lulluɓe, na ce ta ce Goggo ce ta auno da yawa.

Haka muka koma yi. Rabo tsakanin magariba da isha'i, ta hannun mata, a cikin bokiti ko ƙwarya kamar ana kai kayan niƙa. Ba hoto. Wanda ya ce sai an ɗauke shi yana miƙa leda, muka ce ya riƙe kayansa, kuma an samu wanda ya riƙe ɗin. Wani abin da muka koya da wuya shi ne, tsabar gero ba abinci ba ce. Ka ba mace tiya biyu, ba kuɗin niƙa, ba itace, ba gishiri, ba kuka, ba daddawa, za ta sayar da ɗaya a wulaƙance don ta ci ɗaya. Daga baya duk tiya muna haɗa ta da ɗan kuɗin niƙa da cefane. Wasu gidajen ma ba mu kai komai ba, zuwa muka yi wajen mai shago muka biya bashin da ke kansu, ya ja layi, ya ci gaba da ba su. Har yau akwai waɗanda ba su san wa ya biya ba.

Buhu takwas ba za su daɗe ba, kada ka ruɗi kanka. Abin da ya riƙe mu har bayan sallah shi ne gwangwanin Juma'a: duk gidan da ke ɗora tukunya sau biyu a rana ya ware gwangwani ɗaya na abin da yake ci, yara mata su zagaya su tattara. Liman ne ya ƙarfafa mana gwiwa da hadisin Ash'ariyyawa, mutanen da idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Manzon Allah (SAW) ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. Ku kuma ware jakar zakka daban da ta sadaka. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Jakar sadaka ita ce mai faɗi, da ita muka kai wa maƙwabtanmu Kirista, kuma su ma gwangwaninsu bai taɓa fashi ba. Bolari na san cakuɗe kuke, kada ku tsallake ƙofar kowa.

Tsoron abokanka na kada a ce kun ci, tsoro ne mai kyau, amma maganinsa littafi ne. Mutum uku su riƙe shi, ciki har da mace. A rubuta abin da ya shigo da sunan wanda ya kawo, abin da ya fita kuma da lambar gida, ba suna ba. Sunayen su tsaya wajen mutum biyu, liman da ɗaya daga cikin matan. Duk wata a karanta lissafin a gaban 'yan ƙungiya. Mai unguwa ku sa shi uban tafiya, ku sanar da shi komai, amma kada ku ɗora masa rabo. Duk wanda bai samu ba, shi zai riƙe a zuci har abada, alhali da su zai ci gaba da zama.

Kada kuma ku jibge hatsi kuna jiran ranar da wani babba zai samu sukunin zuwa yanke kyalle. Ka tuna Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a garuruwa da dama, har aka ga mutane a kan rufin wani sito a Bukuru kusa da Jos suna jeho buhuna. Yawancin kayan na CACOVID ne, haɗakar 'yan kasuwa irin su Aliko Dangote da bankuna. Ko mene ne dalilin jinkirin, yunwar watan Afrilu ba ta jira Oktoba ba.

Abu na ƙarshe, daga bakin tsohuwar ma'aikaciyar jinya: annobar da ta fi kusa da ƙofarku ita ce amai da gudawa. A 2021 Bauchi tana cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna. Ku rage buhu ɗaya, ku sayi sabulu da ƙullin gishiri da sukari na asibiti, ku ajiye kuɗin Keke Napep na kai mara lafiya cikin dare. Idan ƙullin ya yanke, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti.

TAMBAYA: Goggo, ina wuni. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar, ƙosai nake soyawa a Azare. Wani ya zo ya ce in ba shi naira 3,000 da lambar BVN ɗina zai sa sunana a tallafin gwamnati. In bayar?

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayu. Kada ki ba shi ko sisi. Shiga rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa kyauta ne, kuma ba a bin mutum gida a ce ya saya. Yadda tsarin yake, jami'ai ne ke zuwa unguwa ko ƙauye, a tara jama'a, su da kansu su fayyace gidajen da suka fi buƙata, sannan a bi gida-gida a ɗauki bayani. A lokacin korona, gidajen da ke cikin shirin suna karɓar naira 5,000 ne a wata, aka haɗa musu na wata huɗu, naira 20,000, a lokaci ɗaya. Shugaba Buhari kuma ya ba da umarni a Afrilun 2020 a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Tun daga wannan lokaci 'yan damfara suka samu sana'a da sunanta.

Lambar BVN, da lambar sirrin katinki, da lambar da banki ke turowa a waya, ki riƙe su kamar makullin ɗakinki. Ki je wajen mai unguwarku da rana tsaka, tare da wata babbar mace da kika yarda da ita, ki tambaya ko ana ɗaukar sunaye a mazaɓarku, ki kuma faɗa masa siffar mutumin nan, don na tabbata ba ƙofarki kaɗai ya ƙwanƙwasa ba. Naira 3,000 ɗin kuma ki ƙara a kuɗin wake da mai.