Kun Tambaya, Mun Amsa: Amrish Puri, daga ofishin inshora zuwa kujerar Mogambo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina neman bayani game da Amrish Puri, wanda ya fito a matsayin Mogambo, bos ɗin fim ɗin Indiya mai suna Mr. India. An ce sai da ya manyanta kafin ya fara fim, kuma an taɓa korar sa saboda kamannin fuskarsa. Shin gaskiya ne, kuma me yake yi kafin lokacin? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji yana da tushe, sai dai kalmar kora ta yi nauyi, domin ba a ɗauke shi ba tun farko balle a kore shi. An haifi Amrish Puri ranar 22 ga Yuni, 1932, a Nawanshahr da ke yankin Punjab na ƙasar Indiya. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga harkar fim a Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, don haka da ya bi sahunsu a shekarun 1950, burinsa shi ne ya zama jarumi. Aka yi masa gwaji a gaban kyamara, bai tsallake ba, aka ce fuskarsa ta yi kaushi ga irin jaruman da ake yayi a wancan zamani. Sai ya kama aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata ta Indiya, wadda ake kira ESIC, ya kuma shafe kimanin shekara ashirin yana cin abinci a nan.

Waɗannan shekaru su ne masu kallo suka fi tsallakewa idan ana labarinsa, alhali a cikinsu aka ƙera mutumin da muka sani. A farkon shekarun 1960 ya fara koyon wasan daɓe a hannun Ebrahim Alkazi, daga baya ya koma ƙarƙashin Satyadev Dubey, wanda shi ne ya ɗauka a matsayin babban malaminsa. Da rana yana ofis, da yamma yana wurin atisaye, kuma ya fito a wasannin manyan marubutan Indiya irin su Vijay Tendulkar da Girish Karnad. Wanda yake kan dandamali ba shi da kyamarar da za ta matso kusa da fuskarsa, ba shi kuma da damar cewa a sake ɗauka idan ya yi tuntuɓen harshe. Dole muryarsa ta kai ga mutumin da ke kujerar ƙarshe, dole tsayuwarsa kaɗai ta gaya wa mai kallo ko sarki ne ko bara. Muryar nan mai kauri da ta zama tambarinsa, da yadda yake jan kalma ya sake ta a daidai inda za ta fi ciwo, duk a nan ya gyara su. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, ɗaya daga cikin manyan lambobin da Indiya ke bai wa masu wasan daɓe, tun kafin yawancin masu zuwa silima su riƙe sunansa.

Fim kuwa sai yana dab da shekara arba'in ya fara shi, da ƙananan fitowa a Prem Pujari na 1970 da Reshma Aur Shera na 1971. Darakta Shyam Benegal ne ya fara ba shi aiki mai nauyi, a finafinai irin su Nishant na 1975, inda ya fito a matsayin azzalumin mai gonaki da ya danne ƙauye guda, da Manthan na 1976. Hum Paanch na 1980 shi ne ya buɗe masa ƙofar zama bos a finafinan kasuwa, daga nan kuma furodusoshi suka yi ta layi a ƙofarsa. A ganina, da ya ci wancan gwaji na farko, da wataƙila ya zama ɗaya daga cikin jaruman da ake yayinsu shekara biyar a manta da su.

TAMBAYA: Ni da ƙawata mun yi gardama. Ta ce Om Puri ƙanin Amrish Puri ne, ni kuma na ce ɗansa ne. Wa ke da gaskiya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, ku duka biyun kun faɗi, sai ku yi sulhu. Babu dangantakar jini a tsakaninsu, sunan dangi ne kawai ya zo ɗaya. An haifi Om Puri, shi ma ɗan wasan fim ne na Indiya, a Ambala a 1950, ya rasu a 2017. Mai yiwuwa abin da ya rikita ki shi ne Ardh Satya na 1983, inda Amrish ya fito a matsayin mahaifin Om, tsohon ɗan sanda mai zafin hannu da ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da ba ya so. Sun kuma haɗu a fim ɗin barkwanci Chachi 420 na 1997, da shirin talabijin mai suna Tamas, wanda Govind Nihalani ya shirya a kan rikicin raba Indiya da Pakistan na 1947, aka nuna shi a tashar Doordarshan a 1988.

TAMBAYA: Me ya sa kullum mugu yake fitowa? Shin bai iya wani abu ba ne sai zare ido da tsawa? Kuma da gaske ne ya yi fim da Turawa? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗalibi, bari mu fara da ta ƙarshen domin ta fi sauƙi. Ya fito a Gandhi na Richard Attenborough a 1982, a wata 'yar gajeriyar rawa, sannan a 1984 Steven Spielberg ya ba shi rawar Mola Ram a Indiana Jones and the Temple of Doom, bokan nan da ke cusa hannu ya ciro zuciyar mutum da ransa. Hukumomin Indiya ba su gamsu da yadda labarin ya siffanta ƙasarsu ba, shi ya sa aka ɗauki sassan waje a Sri Lanka. Saboda wannan rawa ce ya aske kansa ƙwal, ya kuma ci gaba da zama a haka, abin da ya sauƙaƙa wa masu kwalliya ɗora masa kowane irin gashi da labari ya buƙata.

Batun cewa mugu kaɗai ya iya kuwa, ban yarda da shi ba, ko da yake na san inda ya samo asali. Mogambo na Mr. India, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni a 1987, ya yi ƙarfin da ya rufe sauran ayyukansa. Amma ko a nan ɗin, ka sake kallo da kyau. Mutumin yana zaune a kan kujerar mulki da gashi mai ruwan zinare da riga mai ado irin ta janar, yana ƙwanƙwasa zobbansa a hannun kujera, kuma kalmar nan tasa ta "Mogambo khush hua", wato Mogambo ya ji daɗi, ba ya faɗin ta iri ɗaya sau biyu: wani lokaci da murmushi, wani lokaci a hankali kamar mai yanke hukuncin kisa. Rawar da a hannun wani za ta zama abin dariya zalla, shi ya sa ta ba yara tsoro ta kuma ba manya nishaɗi a lokaci guda.

Sannan ka dubi Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Fim ɗin ya buɗe ne da shi, a matsayin Baldev Singh, yana watsa wa tattabaru hatsi a tsakiyar Landan yana begen Punjab, don haka tun kafin ya fara taurin kai a kan auren 'yarsa mai kallo ya riga ya san ciwon da ke ransa. A ƙarshe, a tashar jirgin ƙasa, yana riƙe da wuyan hannun 'yar tasa Simran gam, jirgi ya fara motsi, sai ya saki yatsunsa ya ce ta tafi. Babu tsawa a wurin, fuskarsa ce kawai ta sauya. Lambobin yabon finafinan Indiya na Filmfare guda uku da ya samu ma duk na mataimakin jarumi ne: Meri Jung, da Ghatak inda ya fito a uba mara lafiya ga Sunny Deol, da Virasat inda ya fito a dattijon gari mahaifin Anil Kapoor. Biyu daga cikin ukun rawar uba ce mai ban tausayi.

Gaskiya ne cewa a cikin finafinai sama da 400 da ya yi akwai da yawa da ba su kai darajarsa ba, inda aka ba shi bulala da gidan ƙarƙashin ƙasa aka ce ya yi ta zare ido har jarumi ya zo ya kashe shi. Laifin wannan ya fi komawa ga masana'antar da idan ta ga abu ya karɓu sai ta yi ta maimaita shi har ya gundure. Ya ci gaba da aiki har ƙarshen rayuwarsa, ciki har da Gadar da Nayak a 2001, ya kuma rasu a Mumbai ranar 12 ga Janairu, 2005, yana da shekara 72, bayan fama da ciwon da ya shafi jini. Idan kana son ganin iyakar ƙwarewarsa, ka kalli Nishant da Ghatak a jere, sannan ka sake aiko mana da ra'ayinka.